Gidan da Yamai ke ajiyar tarihin garuruwa

Wanda ya zo Yamai neman asalin garinsu ko salsalar gidansu, da wuya a ƙi nuna masa hanyar IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Jami'ar Abdou Moumouni. Turawan Faransa ne suka kafa ta a 1944, a matsayin reshen cibiyar bincike ta IFAN mai hedkwata a Dakar. Abin da suke so a lokacin shi ne su san mutanen da suke mulka.

Boubou Hama, ɗan Foneko ta ƙasar Tera, shi ya juya akalar gidan. Ya riƙe shi a shekarun 1950, kuma ko da ya zama shugaban majalisar dokoki bai saki harkar ba. Ya riƙa neman littattafan hannu a wurin malamai, daga Agadas da Damagaram har Tambutu. Wanda aka ba shi ya karɓa, wanda aka hana ya roƙi a kwafa. Wannan tarin ne tushen sashen Larabci da ajami na cibiyar, mai kundi kusan 4,000 a yau. Ka kwance gafaka, sai ga warƙoƙi marasa ɗinki, baƙi da tawadar zuge, wasali da ja, wani lokaci har da sunan marubuci da na mahaifinsa a ƙarshe. Mai bin diddigin zuri'a ya san darajar wannan layi ɗaya.

Sunan gidan ya canza a 1964, ya sake canzawa zuwa IRSH a 1974 da aka haɗa shi da jami'a. A shekarar ce kuma juyin mulkin Seyni Kountché ya kai Boubou Hama gidan kaso.

Amma ba duk tarihi ke kan takarda ba. A 1968, da taimakon UNESCO, aka buɗe wata cibiya a Yamai don naɗar muryoyin dattawa da maroƙa, wadda ta zama CELHTO, Diouldé Laya ya jagorance ta shekaru da dama. A jerin littattafan Études Nigériennes na IRSH kuwa André Salifou ya fitar da tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani na Adar a 1975. A ganina nan ne gidan ya fi yin rawar gani, domin ƴan ƙasa ne suka zauna gaban tsofaffi, suka auna bakinsu da rahotannin kwamandojin Faransa.

Abin da ke damuna shi ne kundayen da har yanzu ke cikin adakar gidajen malamai, inda gara da ɗigar damina ke cin su kafin wani ya ɗauki hotonsu.