FASHIN BAƘI: Su wa ke yanke wa shinkafar Kudancin Kano farashi?

Ƙafin Maiyaki gari ne a Ƙaramar Hukumar Kiru, kusa da babban titin Kano zuwa Zariya, a yankin da hanya ke ɓallewa ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da Doguwa, ta zarce Saminaka da Jos. Ta wannan hanya ake ɗauko shanshera da masara zuwa injinan casa da manyan kasuwannin Kano irin su Dawanau. A bainar jama'a ake cinikin buhu, amma yawancin abubuwan da ke yanke masa farashi a Abuja da Kwatano da Indiya ake ƙulla su.

Ruwa da ƙasa

Kudancin Kano ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, musamman wajen Doguwa da Tudun Wada. A Ƙaramar Hukumar Bebeji kuma akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ita ce ke shayar da filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ta magudanan ruwa, ƙarƙashin Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Manoman da magudanan ba su kai gonakinsu ba, da injin ban ruwa suke aiki a fadamu da bakin rafuka. Shi ya sa farashin fetur ke shiga lissafin kowane buhun da suka noma da rani.

Tun a baya kasuwar duniya ta sha ɗaga ƙasar Kano ta kuma sauke ta. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ta buɗe wa gyaɗa hanyar Turai, har aka yi zamanin dalar gyaɗa, kafin fari da cutar gyaɗa da arzikin man fetur su kawo ƙarshensa a shekarun 1970. Haƙar kuza, wadda aka san Riruwai ta Doguwa da ita, ta durƙushe a Najeriya bayan farashinta ya karye a duniya a 1985.

Shekarun kariya: 2015 zuwa 2023

A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41, ciki har da shinkafa, sayen dala a kasuwar gwamnati. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu domin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafar Asiya da ake saukewa a tashar ruwa ta Kwatano, a ratso da ita ta Binin da Nijar. An sake buɗe wasu iyakokin, ciki har da Maigatari da Illela, a watan Disambar 2020, amma haramcin shigo da shinkafa ta tudu ya ci gaba.

Matakan sun sa shinkafa 'yar gida ta yi daraja. Injinan casa manya da ƙanana sun yawaita a Kano, matasa sun samu ƙwadago a dashe da girbi da lodi, mata masu gumi sun samu ciniki. Sai dai kariyar ta zo da nauyinta: mai saye a birni ya biya da tsada, fasa-ƙwauri bai daina ba, kuma wani kaso mai yawa na bashin noman, wanda jimillarsa ta haura naira tiriliyan ɗaya, ya maƙale ba a biya ba.

Taki, fetur da naira

Najeriya na sarrafa takin yuriya a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a watan Maris 2022. Amma takin NPK na buƙatar sinadarai daga waje: fosfat daga Maroko, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a watan Disambar 2016, da fotash wanda Rasha da Belarus ke cikin manyan masu fitar da shi. Da yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, taki ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Yuriyar gida ma ba ta tsira ba, domin masana'antun na iya sayar da ita waje a karɓi dala.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka sakar wa naira mara. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kuɗin ban ruwa da na mota da na maganin feshi da na kayan gyaran inji duk suka tashi lokaci guda.

Lokacin da aka sassauta ƙofa

A watan Oktoban 2023 Babban Bankin ya janye haramcin dala a kan kayayyakin, ya kuma ja da baya daga bayar da bashin noma kai tsaye. Da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yuli da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gogewa ba, na tsawon kwana 150. A watan Satumba kuma Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, ta janye takunkumin fitar da farar shinkafa da ta sa a watan Yulin 2023, farashi ya sauka a duniya.

Mazauna birni sun ɗan samu sauƙi a 2025. Manomi kuwa ya sayi taki da tsada, ya sayar da amfanin gona da araha. Idan noma ya kasa mayar da uwar kuɗi, sai a rage gona, aikin ƙwadago ya ja baya, matasa su tafi cin-rani Kano da Abuja da Legas.

Wa ke da alhakin me?

Haraji da darajar naira da iyakoki duk a hannun gwamnatin tarayya suke, kuma yankin na da murya a Majalisar Wakilai ta mazaɓun Kiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa. Malaman gona da hanyoyin karkara da kasuwanni kuwa na jiha ne da ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

Masu goyon bayan kariya na cewa ba a gasa da manomin Indiya wanda gwamnatinsa ke tallafa masa da taki da lantarki. Masu sukarta na cewa talakan birni ne ke biyan kuɗinta, shi ma manomi yakan koma mai saye idan rumbu ya ƙare kafin kaka. Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne, harajin da aka sa yau ana iya cire shi gobe. Ribar da ba ta dogara da sanarwar Abuja ba ita ce wadda ke zuwa daga rage kuɗin noman buhu guda: iri mai kyau, ruwan da ba sai an ƙona fetur ba, hanya mai biyuwa da damina, da ma'ajiyar da za ta hana manomi sayarwa a kaka lokacin da farashi ya fi karyewa.