Ɗauri ko magani: matsayin doka kan mai shan ƙwaya a Najeriya

A unguwa mai cunkoson jama'a irin Pantami da ke cikin birnin Gombe, iyayen da ɗansu ya faɗa shaye-shaye sukan rasa inda za su nufa: ofishin hukuma, ko asibiti, ko gidan malami. Wannan ruɗani yana da tushe a cikin doka.

Dokar da ta kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, a shekarar 1989, ba masu safara kaɗai ta shafa ba. Ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamanciyarta, ko da don shan kansa ne. Kafin ita ma, dokar soja ta 1984 ta yi tanadin kisa, aka kuma harbe mutum uku a Legas a 1985.

Tsananin bai hana abin yaɗuwa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Jihar Gombe ce kan gaba a Arewa maso Gabas, da kusan kashi 21 cikin ɗari. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce, abin da ba a cika furtawa a gidaje ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin.

Cire hukuncin laifi daga kan mai sha ba halatta ƙwaya ba ne, kodayake ana yawan cakuɗa su. Ƙwayar tana nan a haramce, dillali yana nan a hannun kotu. Mai sha ne ake karkatarwa zuwa tara ko magani. Fotugal ta bi wannan hanya tun 2001: wanda aka kama da abin da bai wuce na kwana goma ba, kwamiti ne ke sauraronsa, ba alƙali ba. Mutuwa da kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura sun ragu ƙwarai, amma sai da ƙasar ta zuba kuɗi a cibiyoyin magani. Jihar Oregon ta Amurka ta gwada a 2021 alhali wuraren jinya ba su wadata ba, ta janye a 2024.

A nan kusa, kwamitin Afirka ta Yamma da tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya jagoranta ya ba da shawarar daina ɗaure masu sha a 2014, Ghana kuma ta musanya ɗauri da tara a dokarta ta 2020. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, yana adawa da halatta wiwi, amma hukumarsa na gudanar da cibiyoyin ba da shawara da gyaran hali.

Ga mazauna Pantami, inda tunawa da ta'asar 'yan Kalare ke sa mutane ɗari-ɗari da duk wani sassauci, tsoron ba na banza ba ne. Sai dai matashin da aka kai gidan yari kan ƙullin wiwi yakan fito da tabo, ba sana'a, jarabar kuma tana nan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma sama da miliyan 200, kuma ko an gyara dokar gobe, su ne za a tura wa waɗannan matasa.