Baje Kolin Kayan Fasaha a Ƙasar Sakkwato

Baje kolin kayan fasaha taro ne da ke haɗa masu sana'ar hannu da masu zane da 'yan kasuwar gari wuri ɗaya, a gidan tarihi ko zauren nuni ko wani fili da aka keɓe, domin jama'a su kalla, mai so kuma ya saya. A Turai an saba ware zauren nunin zane da kansa, kasuwa kuma da kanta. A ƙasar Hausa su biyun tare suka taso, kuma duk zauren da aka gina aka nesanta shi da masu saye da sayarwa, ƙura ce ke gaje shi.

Kafin a san gidan tarihi, wuri biyu ake ganin gwanintar mai sana'a: kasuwa da ƙofar fada. A birnin Sakkwato sunayen shiyoyi kaɗai sun isa shaida, akwai Maƙera Assada, da Majema, da Marina, da Takalmawa, da Madunka inda dukawa ke aikin fata. Kowace sana'a da shugabanta wanda sarki ya sani, ta hannunsa umarni ke sauka, ta bakinsa kuma koke ke hawa. Haka tsarin yake a garuruwan kudu, irin su Tambuwal, wadda sarautarta ke hannun zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kebbe. Ranar hawan salla ita ce babban nuni na shekara. Sirdi da linzami da jalala da ke jikin dokin basarake, da aska takwas ɗin da ke ƙirjin rigarsa, duk talla ce ga wanda ya yi su, domin 'yan kallo sun san hannun kowane gwani, kuma bayan salla ake bin sa gida da aiki.

Zuwan Turawa ya kawo sabon salo, wato a ɗauko kaya daga inda ake amfani da su, a jera, a rubuta suna a ƙarƙashi. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawar Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a. A 1924, a babban nunin daular Ingila da aka yi a Wembley ta birnin Landan, an gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kai masu sana'a daga Nijeriya suna aiki mutane na kallo. A cikin gida kuwa, En'e ta riƙa shirya nunin amfanin gona, inda ake gwada bajimin sa da damin gero da auduga, a ba wanda ya yi fice kyauta. A gefen irin wannan nuni ne aka fara yi wa maƙera da masaƙa da dukawa rumfa tasu, kuma a nan aka fara gane cewa rumfar da ake ciniki ta fi tara mutane bisa wadda ake raba kyauta.

Bikin kamun kifi na Argungu shi ne makarantar da mutanen wannan yanki suka koyi shirya babban taro. An faro shi a sigarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Sannu a hankali aka ƙara masa nunin gona da na sana'a da kokawa da dambe, gwamnati ta shigo, kamfanoni suka fara ɗaukar nauyi. A garin kuma akwai gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Baƙon da ya zo kallon su a Matan Fada yakan biya ta can ya ga sulke da tambura, ya fito ya tarar da masu sayar da tabarmi da ƙwarya a bakin hanya. Hukumar UNESCO ta sanya bikin a jerin al'adun duniya a 2016.

Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, ya ba tukwane muhimmanci. Amma wanda ya fi kowa fahimtar al'amarin shi ne gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yanzu kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama. A can an ba masu sana'a mazauni na dindindin a cikin harabar. Masaƙi na kan masaƙarsa, maƙerin farfaru na zuba azurfa, baduku na yanka fata, kowa na sayar da abin da ya gama. Abin da maziyarci ya gani a bayan gilashi ya yi sha'awa, yana fitowa zai sami sabonsa a hannun mai yin sa. A Arewacin Nijeriya kuwa, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna karɓar tarukan al'adu da na masu sana'a.

Zanen zamani na kan allo da ƙyalle ta Zariya ya shigo Arewa. Ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun kafa ƙungiyarsu a 1958, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sai dai kasuwar aikinsu a Legas da Ibadan take. Wani malamin jami'ar, David Heathcote, shi ne ya tattara riguna da huluna da allunan zayyana da kayan fata ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Shekara ɗaya bayan haka aka yi bikin fasaha da al'adu na FESTAC, wanda aka gudanar da hawan dabarsa a Kaduna. A wannan zamani ne kuma aka kafa hukumar tarihi a Sakkwato, wadda daga baya aka sa mata sunan Waziri Junaidu, aka tara rubuce-rubucen malaman jihadi da makamai da kayan sarauta.

Bikin fasaha da al'adu na ƙasa, wanda aka fara a 1970 bayan yaƙin basasa, shi ya kai wannan aiki har ƙauye. Jiha za ta tura wa ƙananan hukumomi takarda, jami'in al'adu ya zaga gidajen masu sana'a ya karɓo kaya, a tace a babban birni, a tafi da zaɓaɓɓu. Tsarin ya fito da gwanaye da dama, amma ya bar tabo. Sau da yawa kayan da aka karɓa da sunan aro ba su dawowa, kuɗinsu ma ba ya zuwa, sai dai takardar yabo. Shi ya sa har gobe idan aka tunkari tsohon maƙeri da zancen nuni, tambayarsa ta farko ita ce wa zai tsaya wa kayan.

Rabon jihohi ma ya taɓa wannan fage. Da aka cire Jihar Kebbi a 1991, Argungu da bikinta da gidan tarihinta suka fita daga Jihar Sakkwato, haka ma Jega da babbar kasuwarta. A 1996 Zamfara ta bi. Tambuwal da Kebbe, waɗanda ke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai, suka koma bakin iyaka: ofishin da ke kula da al'adunsu na Sakkwato, kimanin kilomita 100 daga Tambuwal, alhali ƙafar fatakensu ta fi sabawa da Jega. A irin waɗannan garuruwa zauren makarantar sakandare, ko harabar sakatariya, ko filin ƙofar fada, shi ke zama zauren nuni na kwana ɗaya ko biyu.

Shirin taron daga fada yake farawa. Kwamiti zai je gaisuwa wurin uban ƙasa, shi kuma ya kira sarkin kasuwa da sarkin maƙera da sarkin fawa da sauran shugabannin sana'a. Wanda ya tsallake wannan mataki ya aika wa mutane katin gayyata kai tsaye, zai ga kujeru cike da manyan baƙi, rumfuna kuwa wayam. Daga nan sai tsayar da rana. Damina ta manoma ce, kuma yawancin masu sana'ar karkara manoma ne. Azumi ba a taro. Ranar da kasuwar gari ke ci ba mai barin rumfarsa, haka ma ranar babbar kasuwar maƙwabta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfani ya shigo gida, kuɗi na hannu, bukukuwan aure kuma sun kunno kai, ana neman tabarmi da fayafai da kayan ɗaki.

Gudummawar 'yan kasuwar gari ba kasafai take zuwa da tsabar kuɗi ba. Mai gidan mai zai ba da man janareta, mai hayar kujeru da kanofi ya yi ragi, mai ruwan leda ya aiko da buhuna, 'yan tasha su ba da motar ɗauko kaya daga ƙauyuka, mai shayi da mai tsire su kafa teburinsu a bakin ƙofa su biya kuɗin wuri. Ladarsu ita ce mai gabatarwa ya ambaci sunansu a lasifika, kuma mantawa da suna ɗaya kan jawo gutsiri-tsoma na shekara guda. Tsabar kuɗi daga babban mai ƙaddamarwa take fitowa, galibi ɗan siyasa ko attajiri ɗan gari, kuma gogaggen ma'aji ba ya lissafa alkawarin da aka yi a bainar jama'a sai ya ga kuɗin a hannu. Sanarwa kuma hanya uku take bi, gidan rediyon Rima, da mai shela a kasuwa, da bakin liman bayan sallar Juma'a idan ya yarda da abin da za a yi.

Inda aka fi samun saɓani shi ne ɗabi'ar zaure da ɗabi'ar kasuwa. Ma'aikacin gidan tarihi an koya masa cewa kaya ba a taɓa su, a manna farashi a jiki, kuma ko an saya su zauna a wurin har a rufe nuni. Baduku bai san wannan ba. Mai saye a wurinsa sai ya ɗauki alabe ya shanshana, ya murza fatar ya ji laushinta, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama. Farashin da aka rubuta a takarda yana kashe wannan hira, kuma yana tona asirin mai kaya a gaban abokan sana'arsa. Sannan wanda ya sayar da tumtum da hantsi so yake ya karɓi kuɗinsa ya sayi fata kafin la'asar. Maslahar da masu shiri suka cimma ita ce raba wurin biyu: a cikin zaure a ajiye zaɓaɓɓun kaya kaɗan da sunan mai su da garinsa, a waje kuma a bar ciniki ya yi halinsa. Idan zaure ya sayar da wani abu, ana cire masa la'ada kamar yadda ake cire wa dillali, kuma wannan kowa ya gane shi ba sai an yi dogon bayani ba.

Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne aiki a gaban ido. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa haurawa da ita Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, idan an rataye ta a bango ba ta ɗaukar hankalin ɗan gari, ya saba ganinta. Amma a zaunar da majemi da ƙwaryar dakakkiyar bagaruwa, a gefensa mai rini na shafa jan karan dafi, baduku kuma na huda da basilla yana jan zaren fata, nan da nan yara 'yan makaranta za su yi da'ira, manya su tsaya a bayansu. Mai zayyanar allo ma haka, da alƙalamin gamba da tawadarsa. Zanen allo da na gini da na hula ba su da mai suka. Hoton mai rai da kayan bori da kiɗa kuwa sai an auna garin da malamansa, kuma a ƙasar Sakkwato kwamiti mai hankali yakan sa malami ɗaya cikin mashawartansa tun farko.

Kaso mai yawa na kayan da ake jerawa aikin mata ne, kamar saƙar faifai da ɗinkin hula da turaren wuta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, alhali masu yin su da yawa ba su fita kasuwa. Dillaliya ko 'yar talla ce ke kawowa, sunan mai aikin ya ɓace a hanya. Nijar ta tunkari wannan da baje kolin sana'ar mata na SAFEM a Yamai. A ɓangaren Nijeriya kuwa, abin da ya fi aiki shi ne a ware wa mata yini ko wasu sa'o'i nasu, a sa ƙungiyoyinsu su riƙe rumfunan da kansu.

A 'yan shekarun nan matasa sun shigo da nasu salo. Bikin littafi da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, da na Hausa da ƙungiyar Open Arts ta fara a 2021, sun haɗa nunin zane da rumfunan masu littattafai da tufafi da abinci. Waya ta sauya ciniki, mai POS ya zama dole a bakin ƙofa, kuma mai sana'a kan sami oda ta WhatsApp makonni bayan an watse. A ɗaya hannun, matsalar tsaro a dazuzzukan da ke tsakanin Sakkwato da Zamfara da Kebbi, wadda ta shafi ƙauyukan Kebbe, ta sa ana sanar da jami'an tsaro da wuri, ana kuma tashi bayan la'asar domin na nesa su isa gida da sauran haske.

Aikin kwamiti na ƙarshe shi ne mayar da kaya da karanta lissafi. Kowane abu da aka karɓa an rubuta shi a littafi gaban shugaban sana'ar, kuma gabansa ake mayarwa ko a biya. Abin da ya karye ko ya ɓace daga asusun taro ake biyan sa kafin a taɓa ragowar kuɗin, sannan a kai kwafin lissafin fada.