Fentin jita ta lantarki a gida

Fentin jita ta lantarki a gida shi ne aikin shafa launi da abin kariya a jikin jita ba tare da an kai ta masana'anta ba. Masu yin sa sun haɗa da makaɗa, da masu gyaran kayan kiɗa, da masu haɗa jitarsu da kansu daga sassan da suka saya. Fentin yana kare katako daga danshi da gumi da ƙarcewa, yana kuma ba jitar kamannin da mai ita yake so.

Tarihi

Launukan jita ta lantarki suna da alaƙa da masana'antar motoci ta Amurka. A shekarun 1920 kamfanin DuPont ya fitar da fenti mai saurin bushewa mai suna Duco, wanda aka yi da sinadarin naitroselulos, kuma masu ƙera motoci suka karɓe shi. Kamfanin Fender, wanda Leo Fender ya kafa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1946, ya yi amfani da irin wannan fenti. Jitarsa ta Stratocaster ta fito a 1954 da launin da yake da haske a tsakiya, yana yin duhu zuwa gefe. Daga baya kamfanin ya riƙa sayar da jitoci masu launin motoci, irin su Fiesta Red da Sonic Blue, ga mai iya ƙara kashi 5 cikin 100 a kan farashi. Kamfanin Gibson kuwa ya fitar da Les Paul a 1952 da fuska mai ruwan zinariya.

A ƙarshen shekarun 1960 Fender ya koma amfani da fenti mai kauri na foliyesta, wanda ya fi saurin kammaluwa kuma ya fi juriya. A daidai wannan lokaci wasu makaɗa sun riƙa yi wa jitocinsu ado da hannunsu. A 1967 George Harrison na ƙungiyar Beatles ya zana launuka masu ƙyalli a kan Stratocaster ɗinsa da ake kira Rocky. A shekarar ce kuma Jimi Hendrix ya yi wa tasa fenti kafin ya cinna mata wuta a bikin kiɗa na Monterey. Eddie Van Halen ya fesa wa jitarsa ta Frankenstrat baƙin fenti, ya manna tef, ya fesa fari a kai, sannan ya ɓare tef ɗin ya bar ratsi-ratsi. A 1979 ya ƙara ja.

Ire-iren fenti

Naitroselulos yana bushewa ne idan ruwan da aka narka shi a ciki ya tashi zuwa iska. Kowane sabon shafi yana narkewa cikin na ƙasansa, shi ya sa gyaransa yake da sauƙi. Amma yana komawa ruwan ɗorawa idan ya tsufa, yana kuma tsattsagewa idan zafi da sanyi suka sauya da sauri.

Foliyuretan da foliyesta suna daskarewa ne ta hanyar haɗuwar sinadarai. Sun fi tauri, sai dai kankare su da gyara su yana da wuya.

Akwai kuma fentin akirilik na gwangwanin feshi, wanda masu aikin gida suka fi samu, da man katako da ake shafawa da ƙyalle. Man ba ya buƙatar injin feshi, amma kariyarsa ba ta kai ta fenti ba.

Matakan aiki

Da farko ana kwance jitar: a cire tsirkiyoyi, da na'urorin ɗaukar sauti, da wayoyi, da wuyanta idan ɗaure shi aka yi da sukurori. Ana rufe gurbin wuya da tef, domin fenti mai kauri a wurin yana hana wuyan komawa daidai.

Sai a cire tsohon fenti, ko a goge shi sama-sama idan lafiyarsa ƙalau. Ana goge katako da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, misali daga lamba 120 zuwa 220 ko 320, ana bin tsawon zaren katakon. Wasu katakai, kamar mahogani wanda dangin maɗaci ne, suna da ƙananan ramuka a fuskarsu. Dole a cike su da makari na musamman, in ba haka ba fentin zai nutse ya bar tabo-tabo.

Bayan haka ana sa shafin farko mai toshe katako, sai launi, sai shafi mai garai-garai a sama. Ƙa'idar ita ce shafi marar kauri sau da yawa, ana barin kowanne ya sha iska. Wanda ya yi amfani da naitroselulos yakan rataye jitar mako 3 zuwa 4 kafin fentin ya yi taurin da za a iya goge shi. Daga nan sai a goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa, daga lamba 800 zuwa 2000, a ƙarasa da man gogewa har ta yi sheƙi.

Matsalolin da ake yawan samu

Idan feshi ya yi yawa a wuri guda, fenti yana zuba ya daskare kamar hawaye. Idan an fesa daga nesa, ɗigon yana soma bushewa kafin ya sauka, sai fuskar ta yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Iska mai yawan danshi tana sa fenti ya yi fari-fari, saboda ruwa ya maƙale a cikinsa, ƙura kuma tana manne wa ɗanyen shafi. Haka nan fesa naitroselulos a kan fentin da bai dace da shi ba yana iya sa na ƙasan ya yamutse, don haka ake fara gwaji a kan guntun katako.

Lafiya da kariya

Tururin waɗannan fenti yana kama wuta da sauƙi, kuma shaƙarsa tana cutarwa. Foliyuretan mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin aisosiyanet, wanda yake iya jawo ciwon asma. Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururi. Ana buƙatar mai matatar gawayi, ga foliyuretan mai haɗi biyu kuwa sai na'urar da ke kawo iska mai tsabta daga waje. Ƙyallen da ya jiƙe da man katako yana iya kamawa da wuta da kansa idan an dunƙule shi, don haka ake shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi cikin ruwa.

Tasiri a kan daraja da sauti

Sake wa tsohuwar jita fenti yana rage kuɗinta sosai, domin masu tara jitocin shekarun 1950 da 1960 sun fi son fentin asali ko da ya kokkoɗe. Wannan ya haifar da wata sana'ar, ta tsufar da sabon fenti da gangan. Game da sauti, wasu makaɗa suna ganin fenti marar kauri ya fi barin katako ya yi amo. Wasu kuma suna nuna cewa na'urar ɗaukar sauti motsin tsirkiyar ƙarfe take ji ta hanyar maganaɗisu, don haka tasirin fenti kaɗan ne.