Daga Loko Zuwa Teku: Asalin Takardar Matuƙin Jirgin Ruwa

Duk ranar 25 ga Yuni ake bikin ma'aikatan jiragen ruwa na duniya, kuma a Nijeriya bikin ba ya wucewa sai an tayar da tsohuwar gardama: me ya sa yaranmu ke gama karatun tuƙin jirgi amma takardarsu ba ta kai su ko'ina? Wani zai ce ina ruwan mutumin Kafanchan da teku, mu da babban ruwanmu shi ne Matsirga. Da ruwanmu. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna da Jos wajen 1927, don haka mun san yadda ake yin direba.

Mahaifina fayaman ne a Loko, wato sashen injinan jirgin ƙasa. Ya fara da goge inji, ya shekara da shekaru yana zuba kwal ɗin Inugu a wuta da shebur, kafin a ce ya isa a gwada shi. Sufeton da zai gwada shi tsohon direba ne. Yakan hau kan injin ya tsaya a bayansa, ya ga yadda yake riƙe burki a gangare, ya ga ko idonsa na kan ma'aunin ruwan tukunya. Baba yakan ce sa hannun mutumin nan ya fi takardar kanta nauyi, domin kowa a layin ya san wanda ya sa shi.

A teku ma haka aka faro. Ƙarnoni da yawa yaro kan shiga jirgi ne ya koya a hannun kyaftin, kamar yadda ɗan Sarkawa ke koyon kwalekwale a Yawuri. Ingila ce ta mayar da abin doka a 1850, bayan jirage sun yi ta nutsewa a hannun waɗanda ba su san aiki ba. Daga nan kowace ƙasa ta yi nata tsarin.

Nijeriya ta kafa kamfanin jiragenta, NNSL, a 1959. Jiragen farko sunayen manya suka ɗauka, irin su Dan Fodio da El Kanemi da King Jaja. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta ba da odar sababbi 19, aka raɗa musu sunayen koguna. Ɗaya daga cikinsu River Gurara ne, sunan kogin da ke ratsa kudancin Kaduna. Makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron da ke Akwa Ibom ta yau ta fara aiki a 1979, kuma ɗalibinta ya san inda zai nufa: jirgin ƙasarsa, ƙarƙashin kyaftin da babban injiniya da za su ga aikinsa dare da rana daga Apapa har Libaful.

A daidai lokacin ne hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta haɗa ƙasashe a 1978 suka amince da yarjejeniyar STCW kan horo da ba da takarda. Ta fara aiki a 1984, amma da sassauci, kowace ƙasa na fassara ta yadda ta ga dama. Gobarar jirgin Scandinavian Star a 1990, wadda ta ci rai 159, ta tona asiri: ma'aikata sababbi ne, ba su yi atisayen gobara ba, da yawansu ma ba sa jin yaren fasinjojin. Sai aka sake rubuta yarjejeniyar a 1995. Yanzu bai isa mutum ya haddace ba, sai ya nuna ya iya. Kuma aka juyo kan mai jarrabawar: dole shi ma ya san aikin da yake aunawa, ya koyi hanyar auna ƙwarewa, idan da na'urar kwaikwayon jirgi zai yi gwajin to ya san na'urar. Gyaran Manila na 2010 ya ƙara ɗaure igiyar.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. A 1995 ɗin nan, shekarar da duniya ta ce sai an gani da ido, a ita aka rufe NNSL. Bashi ya ci shi, an kama jiragensa a tashoshin waje, River Gurara kuwa tun a Fabrairun 1989 ya nutse a gaɓar Fotugal da wasu daga cikin ma'aikatansa. Dokar STCW kuwa ta ce kafin a ba ɗalibi takardar jami'i mai tsaron tuƙi, sai ya yi wata 12 a teku yana cike littafin horo, jami'an jirgi na sa hannu a kan kowane aiki. Ba jirgi, ba wata 12. Ba wata 12, ba takarda. Abin da ya fi ciwo, tsofaffin kyaftin da ya kamata su zama masu jarrabawa suka watse, wasu suka koma kamfanonin waje, wasu suka tsufa ba magaji.

Na san akwai masu cewa takardun jabu ne suka zubar mana da mutunci. Akwai jabu, ban musa ba, amma jabu kan yi kasuwa ne inda hanyar gaskiya ta toshe. Wasu kuma na cewa Turawa ne ke ƙyamar baƙar fata. Wannan bai gamsar da ni ba. Filifin da Indiya sun cika jiragen duniya da ma'aikata, kuma 'yan Nijeriya da yawa Ghana suke tafiya, makarantar jiragen ruwa ta Akara, don neman takardar da za ta kai su nesa. Abin da ƙasa ke dubawa kafin ta karɓi takardar wata ƙasa shi ne wa ya gwada mutumin, a ina, kuma wa ya gwada mai gwadawar.

An yi yunƙuri. Wata doka ta 2003 ta keɓe jigilar bakin gaɓarmu ga jiragen 'yan ƙasa. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Nijeriya, NIMASA, ta fara tura matasa karatu waje a 2008, kuma daga 2020 zuwa 2024 ɗan jihar Kaduna ne, Bashir Jamoh, ya riƙe hukumar. Amma aji da allo ba sa maye gurbin igiyar ruwa.

Kwanaki wani yaron unguwarmu da ya gama irin wannan karatu ya kawo mini littafin horonsa. "Kawu, duba," ya ce. Na buɗe shafi bayan shafi: ɗaure jirgi, sauke anga, karanta taswira, kashe gobara. Gaban kowane layi akwai ɗan akwati na sa hannun jami'i da kwanan wata. Duka fari fat. Shekara uku ke nan littafin na cikin leda a ƙasan akwatinsa, shi kuma yana sayar da katin waya a kusa da tashar jirgi.