Yadda Murya Ta Shiga Wasannin Intanet

Wani ƙanena yana zaune a dakalin ƙofar gida bayan sallar isha'i, iyafis a kunne, manyan yatsunsa biyu suna ta kai-komo a kan gilashin waya. Can sai na ji ya ce, "Kai, kwanta! Ga shi nan a kan rufi, bayanka!" Babu kowa kusa da shi. Wanda yake yi wa gargaɗin yana wata unguwa, sauran abokan wasansa biyu ko a garin ba sa nan. PUBG Mobile suke bugawa, kuma abin da ya yi don su ji shi bai wuce taɓa ɗan hoton makirufo da ke gefen allo ba. Kusan shekara ashirin aka yi ana fama kafin wannan ɗan hoton ya iso wayar hannu.

Lokacin da kamfanin id Software ya fitar da Doom a 1993, masu buga shi tare galibi a ɗaki ɗaya suke, kwamfutocinsu a haɗe da waya. Mai magana sai ya ɗaga murya kawai. Da Quake ya fito a 1996, wasa ya koma intanet, abokin wasa ya yi nisa, sai rubutu ya zama hanyar magana. A nan matsalar take. Hannun hagu yana kan madannai yana tafiyar da ɗan wasa, na dama yana kan linzami yana saiti. Duk wanda ya tsaya rubuta "ku zo ku taimake ni", kafin ya kai ƙarshen jimlar an gama da shi. Shi ya sa Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka gina a kan Half-Life a 1999, ya zo da gajerun umarni da aka riga aka naɗa: ka danna maɓalli biyu, wata murya ta faɗa wa tawagarka su biyo ka ko su ja da baya. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta iya cewa "yana bayan akwatin nan na hagu".

Me ya hana a tura muryar kanta? Hanyar ce ta yi ƙunci. Yawancin gidaje a wancan lokacin ta layin tarho suke shiga intanet, kuma modem mafi sauri ba ya aika fiye da kilobit 33.6 a daƙiƙa ɗaya. Murya irin ta tarho, idan ba a matse ta ba, kilobit 64 take ci. Ga shi kuma wasan kansa yana neman nasa rabon, domin kowane taku da kowane harbi sai an sanar da sauran. Dole aka koyi matse murya ta koma 'yan kilobit kaɗan, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a aika. Gunduwar da ta makara a hanya ba a jiran ta, watsar da ita ake yi, domin gargaɗin da ya iso bayan daƙiƙa biyu ba shi da sauran amfani. Wannan ne dalilin da har yau, idan sabis ya yi rauni, muryar abokinka take yayyankewa.

A 1999 wani ƙaramin kamfani na Amurka, Resounding Technology, ya fitar da manhajar Roger Wilco. Sunan daga bakin matuƙa jirgin sama da sojoji masu oba-oba aka aro shi, ma'anarsa an ji kuma za a aikata. Aikinta ma irin na oba-oba ne: ka danne maɓalli ka yi magana, ka saki ka saurara, don kada a ɓarnatar da ɗan layin da ake da shi wajen tura numfashi da kukan yara. Amma a gefe take zaune, sai ka kunna ta daban kafin ka shiga wasa. A wannan shekarar Microsoft ya sayi kamfanin ShadowFactor na Kanada, mai wata manhaja irinta da ake kira BattleCom, ya zuba fasahar cikin DirectX 8 a 2000 don masu ƙera wasanni su ɗauka. A 2001 Counter-Strike ya sami tasa muryar a ciki, a kan harafin K.

Na'urorin wasa da ake jonawa da talabijin su ne suka fi kowa buƙata, tun da ba su da madannan rubutu. Sega ya gwada a kan Dreamcast da wasan Alien Front Online a 2001, da makirufo a cikin kwalinsa, amma a lokacin kamfanin ya riga ya daina ƙera na'urar. A 2002 SOCOM ya fito a PlayStation 2 tare da hedifon. Sai ranar 15 ga Nuwamba, 2002, Microsoft ya buɗe Xbox Live, ya kuma yanke hukunci biyu da suka sauya komai. Ya ce mai layin tarho ba zai shiga ba, sai mai intanet mai faɗi. Sannan ya saka hedifon a cikin kwalin rajista, ya mai da murya wani ɓangare na tsarin gaba ɗaya. Halo 2 ya ƙara wani abu a 2004: abokin gaba da ya matso kusa da kai a cikin filin yana iya jin abin da kake faɗa.

Daga nan matsalar injiniyoyi ta yi sauƙi, ta mutane ta taso, kuma a ganina ita ce ainihin tarihin. Rubutu yana rufa wa mai shi asiri. Murya kuwa da ka buɗe baki ta faɗi shekarunka, ta faɗi ko namiji ne ko mace, ta faɗi daga inda harshenka ya fito. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ake girmamawa saboda iya saiti, da ya yi magana sai a fara yi masa ba'a. Mata da yawa sun koyi yin wasa makirufo a kashe. Baƙaƙen fata a Amurka sun sha zagin launin fata daga mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Microsoft ya hango wani abu daga ciki, domin Xbox na farko yana da zaɓin sauya murya, amma mazaga ma sun samu wurin fakewa a bayansa, kuma ba a dawo da shi a Xbox 360 ba.

Sai mutane suka fara janyewa zuwa inda suka san juna. 'Yan World of Warcraft, waɗanda sukan haɗu su arba'in don kayar da dodo ɗaya, sun zauna a manhajojin TeamSpeak da Ventrilo, inda mai ɗaki yake da ikon korar wanda ya ga dama. Da Blizzard, kamfanin da ya ƙera wasan, ya saka tasa muryar a ciki a 2007, kaɗan ne suka koma. A 2008 Xbox 360 ya kawo ɗakin hira na mutum takwas da ke bin ka daga wasa zuwa wasa, a 2015 kuma Discord ya zo ya kwashe kasuwar. Filayen da a da suke cike da hayaniyar baƙi suka yi tsit. Nintendo dama bai yarda da abin ba: Splatoon ya fito a 2015 babu murya, Switch ya tura masu son magana zuwa manhajar waya, sai a 2025 kamfanin ya saka makirufo a jikin Switch 2, shi ma don hira da abokai. Apex Legends ya bi wata hanya a 2019, inda kake nuna wuri ko makami da maɓalli ɗaya, ɗan wasanka ya faɗa a madadinka.

Hukuma ta shigo a makare. A Disamba 2022 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 520, miliyan 275 daga ciki saboda keta dokar kare sirrin yara. Cikin abin da aka tuhume shi da shi har da barin murya a buɗe tun daga farko, yara suna haɗuwa da manyan da ba su sani ba. Aka wajabta masa ya bar ta a kashe ga yara da matasa, sai an kunna da gangan. Na goyi bayan wannan hukunci ba tare da wani ja ba. A 2023 Activision ya saka manhajar ToxMod a Call of Duty, tana sauraron hira tana miƙa abin da ta zarga ga ma'aikata. Da Turanci ta fara. Wadda aka koya wa ashar na Turanci kuwa sai an sake zaunar da ita kafin ta gane na Hausa, ballantana ta bambance wasan tobasai da cin mutunci.

Duk da haka ban so a rufe ƙofar gaba ɗaya, domin akwai abin da murya kaɗai ke bayarwa. A DayZ, tun 2012, baƙo biyu ɗauke da bindiga sukan haɗu a daji, kuma muryar ɗayan ce za ta sa a yarda da shi ko a harbe shi. A Lethal Company na 2023 murya tana dusashewa gwargwadon nisan abokinka, idan ta katse a tsakiyar magana ka san wani abu ya same shi.

Ita waya da makirufonta ta zo, babu hedifon da za a saya. Shi ya sa da Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty: Mobile a 2019, murya ta shigo Kano da Zinder da Kumasi ba tare da an bi ta zamanin modem ba. Da ƙanen nawa ya gama zagayen, na karɓi wayar na duba. Ƙarƙashin hoton makirufon akwai zaɓin kowa ya ji, akwai na tawaga kaɗai. Nasa a kan tawaga yake. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya, sau ɗaya na buɗe wa kowa. Da suka ji Hausa sai suka fara kwaikwayona." Ya mai da iyafis ɗinsa kunne, ya ce da mutanensa su shirya, jirgi ya kusa tashi.