Ɗawainiyar Masu Jinyar Ciwon Daji a Arewacin Nijeriya: Abin da Ma'aunin Zarit Ba Ya Kamawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake auna wahalar 'yan'uwan da ke jinyar masu ciwon daji. Ra'ayinta shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi yana rage girman matsalar a ƙasar Hausa, domin ya dogara ne da abin da mai jinya ya yarda ya furta.

Gabatarwa

Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da cutar a Nijeriya kowace shekara, kusan 80,000 kuma na rasuwa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a ƙasar daga aljihun iyali yake fitowa. Asusun tallafin masu cutar da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya taƙaita ga sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a zaɓaɓɓun asibitoci.

Yanayin jinyar

Cibiyoyin gashin ciwon daji da na'ura a Arewa ba su da yawa. Fitattunsu su ne asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato da Gombe, sai Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Gashi kan ɗauki makonni ana zuwa kullum, don haka mai jinya kan bar gona ko sana'a ya tare a wani gari. Shi ne mai bin layin biyan kuɗi, mai neman jini, mai wanki da juya majiyyaci, sau da yawa a baranda yake kwana. Idan na'ura ta lalace, sai a sake lale a wata jiha. Ga kuma tsohon zancen nan cewa daji ba ya son allura, wanda ke sa a yi ta yawon magani har ciwo ya ci ƙarfi. Kafin a iso asibiti an riga an sayar da akuya da ɗan kunnen zinare.

Matsalar ma'aunin

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda mai bincike Zarit da abokan aikinsa suka fito da shi a Amurka a 1980, kan masu kula da tsofaffi masu cutar mantuwa. Sigar da ta yaɗu tana da tambayoyi 22, makinta daga 0 zuwa 88. A ciki ana tambayar mai jinya ko yakan ji haushin majiyyaci, ko yana fatan ya miƙa jinyar ga wani. Wace 'ya ce za ta amsa wa baƙo mai takarda cewa ta gaji da mahaifiyarta? Kunya da haƙuri da neman lada sun rufe wannan ƙofa. Amsar ita ce an gode Allah. Matar aure kuwa tana da ƙarin dalili: dangin miji na saurare. Ƙaramin maki a nan ba shaidar sauƙi ba ne, shaidar kawaici ne.

Saboda haka ya kamata mai bincike ya haɗa ma'aunin da tambayoyin da ba sa neman a yi ƙorafi: me aka sayar, bashin nawa aka ci, kwana nawa aka yi ba a buɗe shago ba, wace yarinya aka dakatar daga makaranta don ta riƙe gida. A yi hirar a keɓe, mace da mace, nesa da gadon majiyyaci da 'yan dubiya.